Bangon littafinki ya yi ko bai yi ba? Tambayoyin da marubuta ke yawan yi min, da amsoshinsu

Da wuya sati ya wuce wata marubuciya ba ta turo min hoton bangon sabon nobel ɗinta a WhatsApp ba, da saƙo irin na "Malam dan Allah duba min, ya yi?" Kuma sau da yawa ba dubawar ake so ba, masha Allah ake jira. Toh ni dai na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tattara tambayoyin nan wuri guda. Zan riƙa cewa "ke" saboda yawancin masu tambayar mata ne, kuma su ne ma suka fi yawa a harkar, amma maza ku ma da ku nake.

Malam wai me ake fara kallo in an ce a yi sharhin bango?

Ni abin da nake fara yi shi ne in ƙanƙantar da hoton ya koma kamar girman farcen babban yatsa, in ajiye wayar nesa da ni kaɗan, in ga ko zan iya karanta sunan littafin. In ban iya ba to magana ta ƙare tun a nan, sauran duk ado ne. Dalili kuwa haka mai karatu zai fara haɗuwa da shi, ko dai ɗan mitsitsi a jerin littattafai a manhajojin karatu irin su Wattpad ko ArewaBooks yana wucewa da yatsa, ko kuma a shimfiɗe kan tebur a kasuwa cikin wasu hamsin, mutum yana tsaye rana na dukansa.

Bayan nan sai in tambayi kaina, da ban san komai a kan littafin nan ba, wane irin labari bangon ke gaya min zan tarar a ciki? Soyayya ce, ko rikicin kishiyoyi, ko na aljanu, ko na sarauta da yaƙi? Sai in tambayi marubuciyar labarin a taƙaice. In abin da na zata ya yi daidai da abin da ta faɗa min, bangon ya yi aikinsa ko da bai burge ni ba. Labarin zuciya a tambayi fuska aka ce, bango kuwa shi ne fuskar littafi, kuma laifin da na fi gani shi ne fuskar tana ƙarya.

Kamar ya bango yana ƙarya?

Wata baiwar Allah ta taɓa turo min nata. Budurwa ce fara sol da dogon gashi har gadon baya, ta jingina da wata baƙar jif, bayanta dogayen gine-gine irin na Dubai, ga jajayen furanni sun zubo ta sama kamar ruwa. Na ce mata Hajiya labarin 'yar masu kuɗi ne ko? Ta ce a'a wallahi, labarin wata yarinya ce mai tallan fura da aka aurar da ita tana ƙarama a wani ƙauye, sai a can ƙarshen littafi na uku ne ta shiga daula. Kin ga ke nan duk wanda ya saya saboda jif zai yi shafi ɗari biyu yana jiran jif, wanda kuma yake son labarin ƙauye da tausayi ba zai ma ɗauka ba. An yi biyu babu. Da ƙwaryar fura aka sa kawai da faifai a kai, da hannun yarinya mai ƙunshi ya riƙe gefenta, da ya fi faɗin gaskiya kuma da ya fita daban cikin sauran.

To ai kowa haka yake yi, hoton kyakkyawar mace shi ke sayar da littafi

Na sani, kuma abin yana da tarihi. Tun da Adabin Kasuwar Kano ya taso a shekarun 1980, marubuci shi ke buga littafinsa da kuɗinsa, shi zai nemo mai zane, shi zai kai wa 'yan kasuwa. Bangunan farko-farko zanen hannu ne da yawa, saurayi da budurwa a tsaye, launi ɗaya ko biyu saboda tsadar bugu. Da fim ɗin Hausa ya yi ƙarfi daga shekarun 1990 kuma kwamfuta ta shigo shagunan ɗab'i, sai aka koma ɗora hotuna, na 'yan fim ɗinmu da na Indiya, daga baya kuma duk wacce aka tsinto a intanet. A lokacin ya yi aiki. Amma yanzu abin ya zama in kin jera littafi ashirin kamar 'yan gida ɗaya, mace ta waiwayo ta kafaɗa, mayafi ya ɗan zame, rubutu ruwan zinare. Abin da kowa ke yi ba ya jan ido kuma. Ba cewa na yi kar a sa mace ba, cewa na yi a sa matar da ke cikin labarin, da irin suturarta da shekarunta da halin da take ciki.

Ya halatta in ɗauki hoton 'yar fim ko wata daga Instagram in sa?

A'a. Hoton yana da mai shi, wanda ya ɗauka yana da haƙƙi, wadda ke ciki ma tana da nata, kuma Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka, sabuwar ma ta 2022 ce. Ban da doka, ki yi tunanin 'yar mutane ta wayi gari ta ga fuskarta a kan littafin da sunansa ke nuna cin amana ko bariki, mijinta ko surukanta su gani. Ki nemi izini a rubuce, ko ki sayi hoto a inda ake sayarwa, ko a zana miki.

Rubutun suna fa, wane irin salo ya fi?

Nan ne zan daɗe don nan aka fi yin ɓarna. Na farko, salon haruffa biyu sun isa bango, ɗaya na sunan littafi ɗaya na sauran. Na sha ganin bango mai salo biyar, suna da wani, sunan marubuciya da wani, "littafi na ɗaya" da wani, sunan ƙungiyar marubuta da wani, lambar waya ma da nata, kowanne yana ihu a kalle shi. Dole a samu babba da ƙarami, ido ya san inda zai fara sauka, daga nan ina, daga nan ina. In ba kin yi sunan da mutane ke sayen littafi saboda ke ba, sunan littafi ne babba.

Na biyu, wannan rubutun mai lanƙwasa kamar na katin biki. Yana da kyau a kalma ɗaya gajera, amma a rubuta dogon suna da shi, wai kuma duk da manyan baƙaƙe, wallahi sai ka yi kamar kana karanta hatimi. Sannan a ƙara masa inuwa, a zagaye shi da fari, a sa masa ƙyalli, a ɗora shi a kan atamfa mai zane-zane. Duk wannan kwalliyar alama ce ta cewa mai zanen ya san rubutun bai fito ba yana neman ceto shi. Maganin shi ne a ba rubutun fili, wuri mai launi ɗaya natsattse, haske kan duhu ko duhu kan haske.

Na uku kuma shi ne namu na Hausa, ƙugiya. Ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Yawancin salon haruffan kwalliya da ke cikin manhajojin zane irin su Canva da PixelLab babu waɗannan a ciki, sai ɗaya cikin uku ya faru: ko harafin ya fito ɗan akwati, ko manhajar ta aro shi daga wani salon daban ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki, siriri cikin masu kauri, ko kuma mai zanen ya share ƙugiyar gaba ɗaya ya huta. Na ukun nan ya fi yawa kuma ya fi ciwo. Ƙura ta koma kura, ƙaya ta koma kaya, ɗaura ta koma Daura, baƙi ya koma baki. A hira ta waya kowa na yi, ni ma ina yi, amma a goshin littafi? Haba. Akwai salon da aka yi su da haruffan Afirka a ciki, irin su Charis SIL da Gentium da dangin Noto na Google, kuma kyauta ne. In kuma lallai wancan mai kwalliyar ake so, mai zanen da ya iya manhajar CorelDRAW zai iya maida harafin zane ya ja masa ƙugiya da hannu daidai kaurin sauran, aikin minti goma ne in ba ganda ba.

Launi nawa ya kamata a sa?

Babu adadi, amma in sun wuce uku masu ƙarfi sai su fara faɗa. Ki zaɓi ɗaya ya yi mulki sauran su bi shi.

Akwai misalin da nake yawan bayarwa. Kamfanin Penguin na Ingila da Allen Lane ya kafa a 1935, bangunansu na farko ko hoto babu sai ɗan tsuntsun tambarinsu, layi uku ne a kwance, fari a tsakiya da suna, sama da ƙasa launi ɗaya. Ruwan lemo na ƙagaggun labarai, kore na labaran kisa da bincike, shuɗi mai duhu na tarihin rayuwar mutane. Mutum daga nesa ya san irin littafin kafin ya karanta ko harafi. Jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann da aka fara a 1962 su ma da ruwan lemon aka san su, duk wanda ya shiga laburaren sakandare na da zai tuna su jere a kanta. Launi ɗaya tal ya zame musu shaida. Ke ma in littafinki kashi uku ne za ki iya yin haka, tsari ɗaya, wurin suna ɗaya, launi kawai ke canzawa daga na ɗaya zuwa na uku, maimakon kowane kashi ya fito kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

A waya ya yi kyau sosai, da aka bugo sai ya yi duhu ya dushe. Madaba'a ce ta cuce ni?

Wataƙila, amma ba lallai ba. Allon waya da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Injin bugu kuma da tawada huɗu yake yi a kan takarda, CMYK. Akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa, musamman shuɗi mai ƙyalli da kore shar da ruwan hoda mai kashe ido, suna sauka takarda sai su mutu, shuɗin ma wani lokaci ya karkata zuwa shunayya. Don haka a juya fayil ɗin zuwa CMYK tun wajen zane a ga yadda zai kasance.

Sai ƙarfin hoto. Bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Littafi mai girman A5, wato milimita 148 da 210, yana bukatar hoto wajen fiksel 1750 da 2480. Bangon Wattpad kuwa 512 da 800 ne kawai, kin ga in aka ɗauko shi aka ja shi ya cika A5 dole fuska ta farfashe. Kuma kar a tura wa madaba'a hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya rage masa ƙarfi, a tura shi a matsayin fayil, PDF ya fi.

Abu na ƙarshe ni kaina ya taɓa cin ni. Farkon fara aikina na yi wa wani bawan Allah bango na kai sunansa can ƙasa daf da baki saboda a ganina ya fi tsari, ban bar rarar yanka ba. Aka buga, aka kai wajen wuƙa, ta ɗan goce kaɗan kamar yadda takan yi, sai ga kwafi ɗari-ɗari an yanke ƙafafun haruffan sunansa, wasu kuma da siririn farin layi a gefe. Mutumin bai yi faɗa ba, ya dai juya littafin a hannunsa ya ce "Malam ai ka rage min tsawo." Har yau ina jin kunyar. Tun daga nan hoto sai ya zarce bakin shafi da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya matso ciki da aƙalla milimita 5. Kuma ki dage a buga miki gwaji ɗaya ki riƙe a hannu kafin a saki inji.

Hoton AI fa, wanda kwamfuta ke ƙirƙira? Yanzu kowa shi yake yi

Ba na haramta shi, amma ina gane shi tun daga nesa kuma masu karatu ma sun fara ganewa. Fata sumul kamar roba, ido na ƙyalli, hasken nan mai ruwan zuma a bayan kai. Ki zuƙo hoton ki ƙirga yatsu, ki duba 'yan kunne ko iri ɗaya ne. Amma babbar matsalarsa a wajenmu bai san mu sosai ba. Ki ce ya yi Bahaushiya sai ya naɗa mata ɗaurin da ba na nan ba, ko ya ba ta sari, ƙunshin ya zama na Indiya. Ki ce gidan sarki sai ya kawo miki fadar Maroko, babu zanko babu zaure babu dagi a bango. Namiji kuma hular ba ƙube ba ba zanna ba, wata aba ce dai a tsakani. In za ki yi amfani da shi ki zauna ki tace, ki sa mai zane ya gyara, kuma kar ki bar shi ya rubuta sunan littafin, a ɗora rubutu daban.

Me ya kamata ya kasance a bangon baya?

Ɗan taƙaitaccen labari da zai ja rai ba tare da ya tona ƙarshe ba, layi shida zuwa goma. Ɗan bayanin marubuciya in ana so. Lambar shaidar littafi ta ISBN mai lamba 13 da zanen layukanta a kan farin fili, a Najeriya Babban Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita. Godiya ga Anti wance da 'yan gurup da sadaukarwa duk su koma shafin ciki dan Allah, ba wurinsu ba ne.

Ƙashin bayan littafi kuma, in siriri ne mai fin biyu a tsakiya irin namu na da, babu wurin rubutu kar a matsa. In mai kauri ne da aka haɗa da gam, sai an san yawan shafi da kaurin takarda kafin a auna faɗinsa, madaba'a za ta faɗa. Littattafan Ingilishi rubutun ƙashin baya daga sama yake gangarowa ƙasa, na Faransanci yawanci daga ƙasa yake hawa sama, shi ya sa in littafi ya zo daga Yamai ko Damagaram wani lokaci sai ka karkata kai ta ɗaya gefen. Kowanne aka bi daidai ne, a dai riƙe ɗaya a duk kashin littafin.

Akwai abin da zai jawo min matsala da hukuma?

In a Kano za ki buga ki sayar, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001 hurumin ta ya haɗa da littattafai, kuma bango shi ake fara gani. Ko ba hukuma ma, ki tuna littafin nan a ɗakin matar aure zai kwana, yarinya za ta shiga da shi gida gaban babanta. Bangon da sai an naɗe shi da jarida kafin a karanta ya rage wa kansa kasuwa.

Mai zanen ƙanina ne kuma kyauta ya yi min, ya zan ce masa bai yi ba?

Kar ki ce bai yi ba, wannan ba sharhi ba ne, kuma "ni dai bai kwanta min ba" ma ba abin da zai iya gyarawa da shi. Ki nuna abu takamaimai. Sunan ba ya karantuwa in an ƙanƙanta. Jan rubutun ya nutse cikin jan mayafin. Matar ta yi kama da 'yar shekara talatin alhali jarumar sha shida take. Fuskar ta faɗaɗa saboda an ja hoton ta gefe ɗaya. Irin wannan ko shi zai gani da idonsa, kuma ki fara da abin da ya yi daidai in akwai. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Amma fa wani lokaci laifin naki ne Hajiya. Kin ce ya sa jaruma da jarumi da kishiya da uwar miji da mota da gidan sama da zobe da hawaye da jirgin sama saboda akwai inda aka je Umara, duk a shafi ɗaya. Yaro ya bi umarni. Bango ba ya ɗaukar labari duka, abu ɗaya yake ɗauka. Kuma yawancin masu zanen nan ba a ba su labarin sun karanta ba, suna kawai ake tura musu da "ka yi min mai zafi", to me zai yi in ba ya kwaikwayi na maƙwabta ba? Ki rubuta masa shafi ɗaya: waye jarumar, a ina, wane zamani, wane yanayi kike so mutum ya ji, da bango biyu ko uku da suka burge ki da dalilin da ya sa.

Wa zan nuna wa kafin in fitar?

Ba 'yan gurup ɗinki ba, su ko baƙin allo kika turo za su jera miki alamar wuta da ta zuciya. Ki samu mutum uku da ba su san labarin ba, ki nuna musu na daƙiƙa uku ki kife wayar, ki tambaye su sunan littafin da kuma labarin me suke zato. In da hali ki haɗa da mai sayar da littattafai a kasuwa, irin dattijon nan da ya shekara ashirin yana kallon abin da hannun mata ke fara kaiwa gare shi a kan teburinsa. Shi ba zai ce miki komai kan salon haruffa ba, zai dai ɗaga shi ya kalla ya ce "wannan zai tafi" ko kuma ya ajiye ya ce ki kawo kwafi biyar tukuna a gani.